Shuka da Ƙafa Uku

Na san ba za ku yarda ba, ni kuma ban roƙe ku ba. Amma ni ɗin nan da kuke gani zaune bakin zaure ina korar ƙuda, na taɓa shuka gona da ƙafa uku. Ba jaki na hau ba, ba kuma aljani ne ya ara mini guda ba. Wanda ke ganin ƙarya ce ya bi hanyar Araba ya tambayi tsofaffi, in ya iske wanda kunnenshi ke ji.

Ruwan farko na bana ne ya tono zancen. Shekaranjiya da la'asar anka yi shi, ƙasa ta tada wannan ƙamshin da ke sa tsoho ya manta da gwiwarshi ya ce zai miƙe. Da safe jikokina sunka fita da sungumi, cikinsu cike da ɗumame, suna gardamar wa zai yi sara wa zai bi da iri, motar Ƙonni na wucewa tana watsa musu taɓo suna dariya. Ina kallonsu sai na ji ƙwaurina na dama ya fara ƙaiƙayi.

Lokacin da nake ba ku labari, Nasara bai daɗe da zama ba. Sun zo sun kafa wasu alamu cikin daji, sunka ce nan Ingilishi, can Faransa. Mu dai abin da munka sani, Ƙonni garin dangi ne, can muke kai goro mu ɗauko gishiri. Illela ba ta kai haka ba. 'Yan gidaje ne, da rijiya, da kasuwar da iska mai ƙarfi ke iya tashinta.

Ubana Labbo falke ne, da jakai yake fatauci, kuma ƙafa ce dukiyarshi. In ya tashi da asuba, inuwarshi sai azahar take cim mishi. Jakai ne ke roƙonshi a huta. Diddigenshi kuwa, in ƙaya ta yi gangancin sokarshi, ita ake yi wa jaje. Ni kuma Arzika, ɗanshi na biyu, Allah bai zuba mini nawa rabon a ƙafa ba, a baki ya zuba. Dillancin dabbobi nake bi a kasuwa. Ina iya sayar maka da akuya mai tari, ka tafi kana gode mini.

Daminar da ta wuce ba ta yi ba. Gero ya fito, ya kai gwiwa, ya tsaya yana kallon sama har ya ƙone. Kafin bazara ta yi tsakiya rumbunmu ya koma ɗakin ɓeraye, su ma ɓerayen sunka yi fushi sunka tashi. Wana Nomau, wanda shi ne manomin gidanmu, an kwashe su dakon kayan Nasara zuwa Sakkwato, babu shi babu labarinshi. Cikin wannan hali, wata rana da hantsi Baba na jan ruwa a rijiya zai ba jakai, guga ya kuɓuce mishi daga hannun hagu. Ya duƙa zai kama igiya, ya zube ƙasa bakin rijiyar. Da anka ɗauko shi bakinshi ya karkace, ɓarin hagu duk ya shanye.

Yanzu in haka ta samu mutum sai a jefa shi mota a yi Sakkwato, a dawo da shi da sandar ƙarfe. Mu a lokacin cewa anka yi iska ce ta buge shi. Malam ya yi rubutu, wanzami ya kafa ƙaho har bayan Baba ya koma kamar faifai, Inna ta roƙo ɗan man shanu wurin Fulani tana murza mishi. Magana ta dawo tun kafin komai. Allah da ikonshi ya ɗauke hannu da ƙafa, ya bar baki. Da ni anka shawarta, da na nemi a yi musanya.

Ga yadda yini ke tafiya. Da asuba Inna za ta zubar da ruwan anza, 'ya'yan itacen daji da ake ci lokacin yunwa, ta sake wani, don anza in ba ta sha jiƙo ba ɗacinta na iya warkar da mahaukaci. Ita ce tuwonmu, ita ce furarmu. Ni in tafi rijiya in tsaya layi, a jawo guga rabi ruwa rabi laka. Da hantsi a murza wa Baba ƙafa yana zagin mai murzawa. Da rana ta take, kowa ya nemi inuwa ya kwanta kamar an yi annoba. Zafin shekaran nan, in ka tofa yawu bai kai ƙasa. Kadangaru da gudu suke tsallaka tsakar gida suna ɗaga ƙafa. Jakai sunka dinga fita ɗaya bayan ɗaya, wani a musanya shi da dawa, wani ya kwanta ya ƙi tashi, har ya rage saura wata tsohuwar jaka mai kunne guda a karye. Abu ɗaya ne ba a taɓa ba: tulun iri. Inna ta liƙe bakinshi da yumɓu ta ajiye a ƙuryar ɗakinta. In yunwa ta matse ni sai in je bakin ƙofa in tsaya ina shaƙar iska, ita kuma ta ɗauko muciya ta aza bisa cinya.

Da la'asar sai koyon tafiya, Baba na dafa katanga. Nan ne na san ashe ƙafafu shawara suke yi da juna, mu ne ba mu ji. Na Baba sun daina gaisawa. Ta hagu ba ta lanƙwasa gwiwa, ba ta ɗaga yatsu. In zai matsa da ita sai ya karkata ƙugu ya wurgo ta, ta yi kewaye ta waje kamar lauje, tana sharar ƙasa, ta sauka inda ta ga dama. Ta dama kuwa tsoro take ji. Ta san in ta daɗe a sama nauyi na kan matacciya, don haka sai ta yi tsalle ɗan guntu ta dire da sauri. Guda na tafiyar sarauta, guda na gudun ɓarawo. Na ce mishi, “Baba, wandonka ya zama iyaka. Ingilishi na dama, Faransa na hagu, kowa da dokarshi.” Ya jefe ni da buta. Hannun dama lafiyarshi lau, ina shaida.

Sai ga Mai gari ya zo dubiya. Ya zauna, anka gaisa, ya yi addu'a, sannan ya sauke abin da ya kawo shi.

“Labbo, ka ga baƙin da Faransa ke koro muna. Aikin dole ya hana su zama, kullum sai sun ƙetaro da mata da ɗiya. Ba ni da ƙasar da zan ba su. Na yanke magana: duk gonar da mai ita bai taka da ƙafarshi ran shuka ba, aro za a ba da ita.”

Kowa ya san irin wannan aron. Mai yunwa in ya shuka gona ya ci, ya kafa bukka a gefenta, jikokinshi ne za su yi maka bayanin iyakarta. Gonarmu kuwa ta hanyar Araba ita kaɗai ta rage muna, tunda jakai sun ƙare.

Na gyara murya na ce, “Ranka shi daɗe, ai ga ni.”

Ya dube ni tun daga sama har ƙasa. “Kai Arzika? Da ana shuka da baki, da kai kaɗai ka ciyar da Illela har Ƙonni. Ƙafar Labbo nac ce.”

Har yau ban yafe wannan maganar ba, kuma mai ita ya daɗe a ƙasa.

Da ya tafi na ce a sassaƙa wa Baba sanda. Baba ya ce ni jaki ne. Hannu guda gare shi, in ya riƙe sanda da wane zai jefa iri, da hanci? Ya dubi tsohuwar jakarmu, sannan ya ce in ɗauko rawaninshi na fatauci.

“Mi za a yi da shi?”

“In jaki na ɗingishi a hanya, haɗa shi muke da mai lafiya, shi ja shi har zango. Zo nan ka tsaya hagu gare ni.”

“To Baba, cikinmu wane ne jakin?”

“Wanda yat tambaya.”

Haka anka ɗaure ƙafata ta dama da tashi ta hagu, daga idon sawu har ƙwauri. Mutum biyu, ƙafa uku. A bakin Baba abin mai sauƙi ne: ta tsakiya ta tafi, na waje su bi. A ƙasa kuwa, in na ɗaga bai shirya ba, in ya shirya na riga na sauke. Ni takuna dogo, nashi guntu, sai mu dinga juyawa kamar masu neman allura. Mu nufi zaure, mu tsinci kanmu bakin rumbu. Ƙafarshi kuma ba ta bar kewayenta ba don an ɗaura mata tawa, sai dai ta ɗauki tawa su yi kewayen tare. Yana yi mini tsaki irin na korar jaki, in na yi sauri ya dunguri ƙeyata, in na yi jinkiri ya dunguri ƙeyata. Na tambaye shi wace tafiya ce ba ta da dungure, ya ce bai gano ta ba tukuna.

Abin da ya fi ci mini rai, ko an kwance ni ƙafar ba ta komawa daidai. Sai in shiga kasuwa ina wurga ta waje. 'Yan mata a rijiya sunka sa mini suna Lauje. Abokan dillanci sunka baza cewa ciwon Labbo ana ɗauka, kowa ya ja tabarmarshi nesa da ni. Ni da nake tsokanar gari duka, na koma abin tsokanar yaran da ba su da wando. Ga yunwa, ga zafi, ga ƙwauri ya saɓule, ga tsoho na rantsuwa cewa ni ne ban iya tafiya ba. Ni, mai ƙafa biyu lafiyayyu.

Hadari ya yi ta yi muna wasa. Ya haɗu gabas baƙi ƙirin, mu fito da ƙore da tukwane, iska ta zo ta kwashe shi ta kai wa Faransa. Har muna cewa ko shi ma sai ya nemi izini kafin ya ƙetaro. Ranar da ya yi niyya kuwa bai yi wani shiri ba. Bayan la'asar iska ta kwanta, tsuntsaye sunka yi tsit, sai ɗigo manya-manya, kowane na tada ƙura inda ya faɗi. Kafin magariba tsakar gida ta zama tafki. Inna ta shiga ɗaki, munka ji ƙarar fasa yumɓun tulun iri.

Da gari ya waye munka aza Baba bisa jaka, Inna ta saɓa sungumi, ni na rungumi iri a ciki kamar jariri. Na tona ƙasa da yatsa, laimar ba ta wuce tsawon hannu ba. Irin wannan ruwan, in ba ka shuka yau ba, gobe rana ta shanye abinta. A gefen gona, ƙarƙashin aduwa, munka iske baƙin da Mai gari ya yi wa alkawari. Wani dogo ne da ake kira Bawa, da matarshi da ɗiyanshi, irinsu ƙulle a bakin zane. Sunka gaishe mu da ladabi. Na so a ce mugaye ne in ji daɗin harararsu, amma wuyan yaran ya fi nawa sirantaka.

Ga wanda bai taɓa shuka ba: mai sungumi na gaba yana sara rami, mai iri na biye, ya jefa 'yan ƙwayoyi da yatsu, ya turo ƙasa da ƙafa, ya danne da diddige, ya wuce. In ba ka danne ba, kurciya da zabi sun gode. Aikin ƙafa ne tsantsa, hannu ɗan rakiya ne.

Anka ɗaure mu. Na riƙe ƙoƙon iri da hagu, na zagaye ƙugun Baba da dama. Inna ta yi bisimilla ta sara. Ramin farko Baba ya jefa iri daidai, ya ɗaga ƙafar dama zai rufe. To ɗaga ta dama na nufin duk nauyin Labbo ya koma kan matacciya, matacciya kuma a ƙwaurina take. Na ji kamar an jingina mini raƙumi. Munka rufe wannan, munka rufe na biyu da salati. A na gaba ni na taka, shi bai taka ba, gwiwarshi ta lanƙwashe, munka zube mu duka, ƙoƙo ya kife.

Inna ba ta yi faɗa ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ajiye sungumi ta durƙusa tana tsintar gero cikin laka, ƙwaya-ƙwaya, tana gogewa da bakin zane. Gero ne da munka kwana da yunwa muna jin ƙamshinshi. Bawa ya kau da kai.

“Kai kaj ja ni,” in ji Baba.

“Ni? Baba, kai ka ce in taka.”

“Ce maka nay yi ka taka, ban ce ka tashi sama ba.”

Munka tashi, munka sake. Faɗuwa ba ta ƙare ba, sai dai na koyi ɗaga ƙoƙo sama in muna tafiya ƙasa. Rana ta ɗago, saman ƙasa ya fara fari, tururi na tashi yana shiga hanci. Maƙwabta sun yi nisa, wasu har sun juyo, mu ko layi guda ba mu cika ba. Masu wucewa sunka fara tsayawa kallo. Cikin haka sai ga Mai gari bisa ramammiyar goɗiyarshi. Ya tsaya, ya daɗe yana kallon yadda muke rawa.

“Labbo, sannu da aiki. Wagga ƙafa ta tsakiya, ta wa ta?”

Na yi caraf na ce, “Ranka shi daɗe, ta haɗin gwiwa ce. Rabi tashi, rabi tawa, kuma rabinshi ya fi yawa.”

“Ba da kai nake ba. Labbo, ƙafarka nac ce, ban ce ta ɗanka ba. In haka na, kowa sai shi goyo kakanshi shi zagaya gona. A kwance. Ka kai mini layin ga har iyaka kai ɗai, in ba ka iyawa kuma ba abin kunya ba na, ciwo na Allah na.”

Na buɗe baki zan yi dillanci, Baba ya ce, “Kwance.”

Rawanin ya sha laka, ƙullin ya ƙi. Da haƙori na kwance shi, ya taho da fatar ƙwaurina. Inna ta zare igiyar jaka ta rataya wa Baba ƙoƙon a wuya. Ya tsaya shi kaɗai tsakiyar gona yana layi kamar karan dawa cikin iska. Na duba gamba da ke iyakar gonar, na ga ta koma nesa kamar Makka.

Inna ta tsaya tana duban ƙasa, inda ƙafar Baba ta bar shatar kewayenta cikin laka. Sai ta matso kusa da shi, ta sara rami ɗan nesa kaɗan, ba a gabanshi ba, ta wajen hagu, daidai inda laujen ke bi. Tim. Baba ya jefa iri. Ta ɗaga sungumi ta jira shi, ta sake sarawa gaba. Tim. Da jin ƙarar sai ya wurgo ƙafar. Ta yi kewayenta, ta sharo ƙasa ta zuba cikin ramin, ta sauka a kai. Ta dama ta yi ɗan tsallenta, nauyinshi ya bi ta kan matacciya, ramin ya danne.

Tim. Ya wurga. Tim. Ya wurga.

Kada ku ce gudu yake. Kunkuru zai wuce shi, ya je gida ya ci abinci, ya dawo ya yi mishi sannu. Layin kuwa kamar maciji ya sha giya. Zufa na zuba ta karkataccen bakin nan, jijiyar wuyanshi ta tashi, yatsun ƙafar sun fashe suna jini don jan ƙasa. In ya rikice ya taka kafin sara, sai Inna ta tsaya cak, sungumi a sama, har ƙafafun su gama gardamarsu. Ba ta ce mishi yi sauri ba, ba ta ce sannu ba. Masu kallo sunka zuba ido, har goɗiyar Mai gari ta bar kaɗa wutsiya.

Ya kusa gamba sai ƙafar ta sarƙe da wani tsohon kututturen gero. Ya tafi ƙasa bisa gwiwar dama, hannunshi ya rufe bakin ƙoƙo. Na zabura.

“Kai wanga,” in ji Inna, ko waigowa ba ta yi ba, “ka taɓa shi sai na shuka ka cikin ramin ga.”

Na tsaya. Baba ya dafa ƙasa, ya yi nishi irin na jakin da anka yi wa lodin gishiri, ya tashi rabi, ya koma, ya sake. Da ya miƙe bai dubi kowa ba, sungumi ya duba. Tim. Haka har ƙafarshi ta shiga cikin gamba.

Mai gari ya gyara zama bisa sirdi. “Na gani, Labbo. Gona taka ta.” Ya juya wajen aduwa. “Bawa, ku biyo ni, a duba muku saura, gonar da anka bari, ta wajen Lafani. Akwai sassabe, amma ƙasa ta.”

Bawa ya ɗauki ƙaramin ɗanshi ya aza a wuya, ya ce wa Baba Allah shi ƙara sauƙi, sunka bi bayan goɗiya.

To gona ta tsira, amma layi guda ne a shuke, ga rana na shan laima kamar da gayya. Na duba tafiyar Baba na ga in an bar shi haka, sai ana girbi zai kai ƙarshen gona. Kuma ga jama'a tsaye, waɗanda sunka yi kwana da kwanaki suna kirana Lauje. Na kakkaɓe rawani, na ɗaga shi sama yadda kowa zai gani.

“Kun dai gani da idonku,” na ce musu. “Wanga aikina ne. Ni na koya wa ƙafar nan tafiya, da fatar ƙwaurina na biya.” Na durƙusa gaban Baba. “Kawo ta a ɗaura, Baba, mu gama kafin ƙasa ta bushe.”

Ya dube ni, yana haki, ya share baki da bayan hannu.

“Nemi wani ƙoƙo ka kama layi can nesa da ni, Arzika. Matacciyar ƙafa ina iya janta. Taka mai rai ita tag gagare ni.”